Yadda za ka yi wasan taubasai ba tare da ka ci mutuncin kowa ba

Ni Bagobiri ne daga Sabon Birni, ina sayar da albasa a Sakkwato. Kullum da safe wani Bayarabe maƙwabcina yakan leƙo rumfata ya ce, "Bawana, ka kwana lafiya?" Ni kuma in ce ya zo ya ɗauki buhun ubangidansa. Mu yi dariya, mu sha shayi tare.

Kafin ka shiga irin wannan raha, fara tabbatar da cewa akwai wasa a tsakaninku tun kaka da kakanni, kamar Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, ko ɗan mace da ɗan namiji. Su ne ke karɓar kuɗin shara a watan Muharram. In ba ka cikin wannan layi, "bawa" zagi ne tsantsa.

Sannan ka dubi wurin. Na taɓa tsokanar maƙwabcin nan nawa Bayarabe a gaban surukansa, fuskarsa ta canza nan take. Har gida na bi shi na ba shi haƙuri. Kada ka taɓa iyaye, addini, ko wata naƙasa ta jiki.

Kalmar "aboki" ita ta fi damuna. A Legas wasu kan jefa wa ɗan Arewa ita da raini, yaranmu kuma yanzu sun rungume ta suna kiran junansu da alfahari. Hakkinsu ne. Kai da ke waje, ka saurari yadda mutum ke kiran kansa, ka jira ya buɗe maka ƙofa. In ya ce ya isa, ka tsaya nan take.