Kurakuran da ake yi wa kare mai tsoro a ƙauyukanmu

Duk kaka, da an gama yankan dawa an fara zancen farauta, sai ka ga samarinmu na nan Jigawa sun samo 'yan kwikwiyo, kowa na cika baki nasa zai kamo zomo a guje. Kafin damina ta zagayo, da yawa cikin karnukan nan sun koma masu raɓewa a bayan danga, ko buta ce ta faɗi sai su zabura. Mai shi ya ce kare ya lalace, ya kore shi, ya samo wani, ya sake yi masa abin da ya yi wa na farko. Na gaji da gani, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne cire tsoro da ƙarfin tsiya. Kare na tsoron ƙarar bindiga, sai a ɗaure shi a gindin bishiya a yi ta harbi a kansa, wai ya saba. Yana tsoron babur, sai a ja shi da igiya har gaban salansa. Wannan ɗabi'ar ta ci mini karya mafi kyau da na taɓa riƙewa, ja ce mai farin ƙirji, ga hanci ga gudu. Aibinta ɗaya, ba ta son ƙara. Ɗan ƙanena ya are ta zuwa daji, da yamma ya dawo da ita yana murna. "Baffa, yau na yi maka maganin tsoron nan nata," in ji shi. Ashe turke ta ya yi, suka kewaye ta da bindigogin toka. Na duba wuyanta, igiya ta saɓule fatar saboda fizga, ta yi fitsari a jikinta. Tun daga ranar, ko ganga aka buga a dandali sai ta shige ƙarƙashin rumbu ta ƙi cin abinci, kuma ba ta ƙara bin kowa daji ba har ta mutu. Yaron ba mugu ba ne, abin da ya ga manya na yi ya kwaikwaya. Karen da ya yi tsit bayan irin wannan azaba, kada ka ce ya saba. Ya gane babu hanyar gudu ne kawai, tsoron kuwa yana nan, ya ma ƙaru.

Ni ga yadda nake yi. Ina sa a yi ƙarar daga can nesa, inda kare zai ji ya ɗaga kunne amma bai firgita ba. A daidai lokacin nake jefa masa abin da ya fi so, ɗan guntun nama ko kan kifi, abin da ba ya samu kullum. Idan ya ci, nisan ya yi daidai. Idan ya ƙi ci, an matso da yawa, sai a ja baya. Abincin nan shi ne ma'aunina, domin kare mai firgici ba ya karɓar ko tsoka. Kullum kaɗan-kaɗan, a bari tun bai gaji ba, ana rage nisan a hankali har ya zama da ya ji ƙara sai ya waiwayo yana jiran rabonsa. Wani kare makonni zai ɗauka, wani watanni, wani kuma ba zai taɓa zama na farauta ba, sai ka bar shi ya yi maka gadin gida. Haka tsawa. Kunnen kare ya fi namu ji, shi ya sa tun hadari na cida daga nesa za ka ga yana haki yana zarya. Kada ka bar shi a turke a fili. Ka ƙyale shi ya shiga inda ya zaɓa, ƙarƙashin rumbu ko tsohon kango, kada kuma ka jawo shi waje.

Na biyu, dukan kare saboda ya yi gurnani. A nan kam zan yi faɗa, domin yaranmu ne ke shan cizon. Kafin kare ya kai ga gurnani ya riga ya yi magana sau da yawa, ba mu kula ba. Ya kawar da kai, ya lashi baki alhali babu abinci, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya sandare yana kallonka ta gefe har farin idonsa ya fito. Duk "a ba ni wuri" yake cewa. Gurnani shi ne gargaɗi na ƙarshe. Kai kuma ka ɗauko tsumagiya ka zane shi. To me ka koya masa? Ka koya masa cewa gargaɗi na jawo duka, gobe idan jikanka ya rarrafo kan kaskon abincinsa, ba zai yi gurnani ba, kai tsaye zai kai cizo. Sannan a taru a ce karen ba shi da amana. Haba jama'a! Idan kare ya yi gurnani, ka tsaya, ka janye yaron, ka duba abin da ya jawo: abinci ne, rauni ne a jikinsa, ko an ritsa shi a lungu? A gidana kare yana cin ƙanzonsa a gefe, babu yaron da ke zuwa wurin, kuma ba a tashinsa daga barci da ƙafa. Masu cewa "kare ne fa, meye na damuwa" su tuna addininmu ya halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona, kuma hadisi ya inganta cewa Allah ya gafarta wa mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tun da ka ɗauko shi ka ajiye, yana da haƙƙi a kanka.

Sauran ƙanana ne, amma su ke haifar da manyan. Raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Kulle shi a akurki yana ƙarami wai don ya yi zafi, alhali tsakanin mako 3 zuwa 12 ne yake koyon sabawa da mutane, awaki, kaji da amalanke, abin da bai gani ba a lokacin zai daɗe yana tsoronsa. Barin yara su yi ta jifansa ko su cuna shi ga almajirai da baƙi. Ɗaure shi wuni guda a rana da gajeriyar sarƙa ba ruwa. Yanke kunne da wutsiya, waɗanda da su yake nuna maka halin da yake ciki. Ɗura masa tiramol ko hayaƙin wiwi don ya yi ƙarfin hali, wannan ma ba na son jin ta. Kuma maganin ciwon jiki na mutane, irin su farasitamol, yana iya kashe kare.

Akwai inda dabarar gida ke ƙarewa. Idan karen da ka sani da walwala ya canza farat ɗaya, ya fara ɓuya ko kai cizo idan an taɓa shi, ka fara zargin ciwo. Kaska a cikin kunne, ƙaya a tafin ƙafa, karyayyen haƙori, duk suna sa haka. Ka nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku ko ka kai shi asibitin dabbobi a Dutse ko Kano. Ni nakan ɗauki hoton bidiyo a waya lokacin da abin ke faruwa in nuna wa likita, domin da an je asibiti kare yakan canza hali. Idan firgicin ya yi tsanani, likitan dabbobi ne kaɗai zai ce ko ana bukatar maganin kwantar da hankali da kuma awonsa, ba mai kemis ba.

Idan kuwa canjin ya zo da dalalar miyau, cizon duk abin da ya gani, sauyin muryar haushi ko kasa haɗiya, kada ka taɓa shi, kada ka sa hannu a bakinsa wai ƙashi ya maƙale. Ciwon haukan kare kenan ake tsoro, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Ka killace shi in zai yiwu ba tare da haɗari ba, ka kira ma'aikacin dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura, kada a tsaya shafa toka ko barkono. Allurar rigakafin karen kuma ana fara ta yana da wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, a ajiye takardar a inda za a same ta ranar da maƙwabci ya zo da ƙara.