Yadda Ake Zaɓen Rigar Shat Mai Araha a Bauchi

Ma'aikaci ko ɗalibin da yake sanya ƙananan kaya kullum a Bauchi yana da hanyoyi uku na samun rigar shat mai maɓalli: sabuwa ta shago, ta gwanjo da ake bajewa a kasuwanni irin su Wunti, da kuma wadda tela zai ɗinka masa. Farashi ba ya nuna wadda ta fi ƙarko, saboda haka da yadin ake fara gwaji.

A duba ɗan ƙyallen da ke maƙale a wuyan rigar ko a gefenta daga ciki, domin a nan ake rubuta abin da aka saƙa ta da shi. Auduga zalla tana shan gumi, kuma ita ce ke raba mutum da wahala a zafin Maris da Afrilu, sai dai tana yamutsewa, tana son guga, kuma takan ɗan tsuke bayan wankin farko. Mai roba zalla ba ta neman guga, amma da rana ta take sai ta manne wa baya kamar leda. Gaurayen nan na kashi 65 roba da kashi 35 auduga shi ne tsaka-tsaki, kuma a ganina shi ya fi dacewa da wanda ba kullum yake samun wutar guga ba. Idan babu ƙyallen, ko an yi shakkar abin da aka rubuta, a damƙe gefen rigar a tafin hannu na ɗan lokaci sannan a saki. Auduga za ta bar alamar matsa, roba kuwa nan take za ta miƙe.

Rigar gwanjo ta auduga mai kyau takan fi sabuwa mai arha daɗewa, musamman idan an dace da ranar da aka kwance dila. Wurare uku ne ke tona asirinta: ninkin kwala, bakin hannu da hammata. A ɗaga kwalar a duba ko zaren ya fara ci, sannan a fitar da rigar cikin hasken rana, domin rawayar gumi da ta zauna a hammata ba kasafai wanki yake fitar da ita ba, komai rantsuwar mai kaya.

A sabuwa kuwa, ɗinki ne abin lura. A ja gefen rigar a hankali. Idan zaren ya buɗe baki, ba za ta kai ƙarshen shekara ba. A taɓa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, har da ƙananan nan biyu da ke riƙe bakin kwala.

Lambar da ake gani a wuya, kamar 15 ko 16, awon wuya ce da inci. A ɓalla maɓallin sama; idan yatsu biyu sun shiga ba tare da shaƙewa ba, ta yi daidai. Faɗin jiki tela zai iya ragewa da kuɗi kaɗan, amma kafaɗar da ta zarce gyaranta da wuya, gara a bar ta. Wanda yake hawa acaɓa cikin ƙurar hunturu kuma ya ajiye farar riga don ranar taro, ya nemi shuɗiya mai haske ko mai ratsi-ratsi.