Yadda Ake Saita Injin Watsa Taki a Bayan Tarakta

Lambar da ke jikin madaurin ƙofar injin watsa taki ba ita ce ke faɗa maka yawan takin da zai sauka a gona ba. Ita dai faɗin ramin da takin zai bi take nunawa. Kamfa da yuriya ba nauyinsu ɗaya ba, ba kuma gudunsu ɗaya ba: lita ɗaya ta yuriya ba ta cika wuce giram 750 ba, ta kamfa kuwa tana kaiwa kilo ɗaya ko fiye. Shi ya sa duk direban da ya bar ƙofa a inda ya bar ta bara, ya cika mazubi ya shiga gona, caca yake yi da kuɗin mai gona.

A fara da ɗaurawa. Injin yana hawa ne a kan hannuwa uku na bayan tarakta, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. A tsaya a fili maras tudu ko gangara, a duba iskar tayoyin baya ta zama daidai, sannan a daidaita hannuwan ƙasa har injin ya daina karkata hagu ko dama. Sandar sama ita ke gyara karkatar gaba da baya. A ɗaure sarƙoƙin gefe don kada ya riƙa lilo. Tsayin faifai, wato farantin da ke juyawa yana jifan takin, daga ƙasa, ko daga saman shuka idan ta fito, yana cikin littafin injin, galibi tsakanin santimita 70 zuwa 80 ne ga masu faifai biyu. A sake auna shi bayan an zuba taki, domin nauyi yana danne tayoyi. Idan gaban tarakta ya yi sakayau har sitiyari ya fara raini, a rataya ƙarafan nauyi a gaba.

Shaf ɗin PTO, wato sandar da ke ɗauko juyi daga bayan tarakta zuwa injin, kan zo da tsawo. A gwada shi a inda injin ya fi kusa da tarakta. Idan bututun biyu sun ƙure da juna, a yanke, in ba haka ba ranar da aka ɗaga injin za a fasa giyabos. Kada kuma a yanke da yawa, sulusin tsawonsu aƙalla ya kasance a cikin juna. Murfin roba na shaf ya zauna a wurinsa, kuma mai babbar riga ko rawani mai jela ya tsaya nesa.

Yawancin waɗannan injuna an ƙera su ne su yi aiki da PTO mai juyi 540 a minti. Akwai alama a agogon tarakta da ke nuna inda za a ajiye totur. A kafa shi da totur na hannu, a bar shi nan, gudu kuma a neme shi da giya. Wanda ya rage totur don tsimin gas ya rage jifan faifai, sai taki ya taru a bayan tarakta, gefe ya tashi babu komai.

Sai a san ainihin gudun. A auna mita 100 a cikin gonar, ba a kan titi ba, a bi da rabin mazubi na taki, a ƙirga daƙiƙa. A raba 360 da abin da aka samu. Daƙiƙa 45 na nufin kilomita 8 a awa.

Yanzu lissafi. A ninka kilon da ake so a hekta da faɗin aiki a mita, a ninka da gudu, a raba da 600. Abin da ya fito shi ne kilon da ya kamata ya zubo a minti ɗaya. Misali masara da za a ba kamfa 15-15-15 buhu takwas a hekta, wato kilo 400, faɗin aiki mita 12, gudu 8: sakamakon kilo 64 ne a minti. A injin mai faifai biyu kowane ɓangare zai ba da 32. A cire faifai ɗaya, a sa bokiti ko buhu a ƙarƙashin ramin, a kunna PTO don abin motsa takin ya yi aikinsa, a buɗe ƙofa daƙiƙa 30, a rufe, a ɗora a sikeli. Kilo 16 ake nema. A matsa madauri, a sake, har a samu. Sannan a gwada ɗaya ɓangaren, don ƙofofin biyu sukan saɓa. Lokacin zuba yuriya kilo 130 a hekta, adadin zai koma kusan kilo 21 a minti, kuma dole a sake awon daga farko.

Inda aka fi yin asara shi ne faɗi. Inda ƙwayar ƙarshe ta faɗi ba nan ne faɗin aiki ba, domin taki yana raguwa ne a hankali zuwa gefe, sai layi na biyu ya hau kan na farko kafin ya cika. A jera farantai masu zurfi, iri ɗaya, a tsallaken hanyar tarakta, mita ɗaya ko biyu tsakani, a shimfiɗa tsumma a cikinsu don kada ƙwayoyin su yi tsalle su fita. A bi ta tsakiya, a bi ta hagu, a bi ta dama a tazarar da aka zaɓa. A juye kowane faranti a kwalba iri ɗaya, a jera. Idan na tsakiya sun cika na gefe sun rame, tazarar ta yi yawa ko jifan ya gaza. A matso da layukan ko a gyara fuka-fukan faifai, wato ƙarafan da ke kansa masu jefa takin. Idan mahaɗar layuka ce ta cika, akasin haka za a yi. Wannan aikin minti talatin ne, amma shi ke hana gonar nan da ake gani layi kore shar, layi rawaya.

Injin mai faifai ɗaya yakan fi zubawa a gefe guda. Idan gyaran fuka-fukai bai kawar da hakan ba, a riƙa zagaya gonar ta fuska ɗaya maimakon a je a dawo, yadda gefe mai yawa zai hau kan maras yawa.

A lura da takin haɗi irin 20-10-10 da ake gaurayawa a masana'antun Najeriya. Ƙwayoyinsa daban-daban ne, girma da nauyi ba ɗaya ba, mai nauyi yana tafiya nesa, maras nauyi da gari suna faɗuwa kusa. Da irinsa gara a rage faɗi. Kada kuma a cika mazubi a gida a bi hanya mai gargada, girgiza tana rarraba shi tana kuma danƙare shi a ƙasa; a kai buhuna bakin gona. Rariyar mazubi ta kasance a ciki, takin da ya sha danshi ya dunƙule a farfasa shi tukuna. Idan iska ta tashi a dakata. Yuriya kada ta hau jiƙaƙƙen ganye, tana ƙonewa, kuma wadda aka bari a saman busasshiyar ƙasa cikin zafi tana tsiyayewa cikin iska. A bi ta da haro ko a auna lokacin ruwa.

A layin farko a tabbatar da awon: a kilo 400 da faɗin mita 12, buhu ɗaya zai ƙare a kusan mita 104. A kafa turaku don layuka su miƙe, a rufe ƙofa kafin a juya a ƙarshen gona.

Da an tashi aiki a zazzage ragowar, a wanke da ruwa sosai a ranar, a bar shi ya bushe, a sa giris a shaf da duk inda ke juyawa, a shafa mai a ƙofa da faifai. Fuka-fukan da suka ci har suka yi kwari ko rami a sauya su duka tare, ba ɗaya-ɗaya ba.