Darasi na 9: Yoyon Mai da Rashin Silo a Tsohon Mashin

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ɗigon mai ya daina zama ƙaramin abu. Mashin ɗin da ya kwana yana ɗiga a zaure kuɗin cefane yake zubarwa, kuma tsinken ashana ɗaya ya isa ya jawo gobara. A nan Gombe tsofaffin mashina irin su Jincheng da Bajaj Boxer su ne ƙafar mutane da yawa, daga Pantami zuwa Tashar Dukku, har da masu kai kaya Kumo. Yawancin ciwonsu datti ne da tsufan roba, kuma mai mashin zai iya magance su da hannunsa.

Fito da mashin waje, nesa da murhu da mai shan taba, ka bar injin ya huce. Ka tanadi sukundireba, filaya, sifana mai lamba 8 da 10, tsumma da gwangwani mai tsabta.

Neman inda mai yake fita

Mai gangarowa yake yi. Inda ka ga yana ɗiga ba lallai ne nan ya fito ba. Goge ko'ina ya bushe, ka buɗe famfon mai, sannan ka bi da yatsa daga tanki zuwa ƙasa. Wurin da ya fara jiƙewa, shi ne mai laifin.

Fara da tiyo. Zafin bazara yana busar da roba har ta tsage. Lanƙwasa shi ka gani: in ya yi tauri ko ya nuna tsaga, sayi sabo na mai, ka ɗaure bakinsa biyu da kyau. Na sha ganin an sa robar ƙarin ruwa ta asibiti. Kada ka yi haka, ba don fetur aka yi ta ba, kuma kusa da injin mai zafi take zama.

A jikin famfo akwai rubutu uku da ya kamata ka iya karantawa. ON yana nufin a buɗe, OFF a rufe, RES kuma ɗan man ajiya na ƙasan tanki. In ka juya zuwa OFF amma mai bai tsaya ba, robar cikin famfon ta mutu, sai a canza ta ko famfon duka.

Idan kuwa daga ɗan tiyon da ke ƙarƙashin kafireta man yake zuba, to kwanon kafireta ne ya cika ya tumbatsa. A cikin kwanon akwai fulot, wanda yake tasowa in mai ya cika, ya tura wata 'yar allura ta toshe hanya. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana allurar rufewa. Ɗan ƙwanƙwasa kwanon da ƙotar sukundireba, sau da yawa dattin yakan faɗa. In bai tsaya ba, rufe famfo, kwance kwanon, ka wanke, ka duba bakin allurar. In ya ci ya yi zobe, canza ta. Girgiza fulot kusa da kunnenka: in ka ji mai a ciki, ya huje.

Tanki mai tsatsa yakan yi ƙaramin huji ta ƙasa. Goga sabulu a wurin yana iya kai ka gida, amma ba gyara ba ne. A juye man, a kankare wurin ya bushe, a shafa gam mai haɗi biyu wanda yake jure fetur. Ina roƙonka, kada ka bari a sa wutar walda a tankin da ba a wanke sosai ba. Tankin da ba mai a ciki ya fi haɗari, domin tururin fetur ne yake fashewa.

Mashin da ba ya riƙe silo

Wani ɗan acaɓa ya ce wa bakanike: "Maigida, da na saki totur sai ya mutu, a ƙara mini silo." Bakaniken ya ce: "Bari mu ga numfashinsa tukuna, ɗana." Gaskiyarsa. Injin yana son iska, mai da wuta daidai gwargwado, kuma murɗa sukurun silo, wanda yake saita bugun injin in an saki totur, ɓoye ciwo ne kawai.

Ciro soson iska. Ƙurar hunturu tana toshe shi. Wanke shi da kananzir, ka matse ba tare da murɗewa ba, ka sa ɗan baƙin mai kaɗan. Sai filogi. Bakinsa yana ba da labari: baƙi mai toka, mai ya yi yawa; fari fat, mai ya yi kaɗan; ruwan ƙasa, lafiya lau. A irin waɗannan mashina tazarar bakin filogi takan kasance milimita 0.6 zuwa 0.7.

In mashin ba ya zama sai an ja cok, wato abin rage iskar da ke shiga kafireta, ƙaramin jet na silo ne ya toshe, wato ɗan bututun cikin kafireta da mai yake bi. Hujinsa siriri ne ƙwarai, kuma man bumburutu da aka zuba daga jarka mai datti ba ya barin sa lafiya. Kwance shi a hankali, ka wanke, ka hura, ka ɗaga shi sama har ka hango haske ta ciki. Kada ka tsokane shi da allurar ɗinki. In hujin ya faɗaɗa, mashin zai riƙa shan mai kullum.

Silo da yake hawa da kansa, ko yake jinkirin sauka bayan ka saki totur, alama ce iska tana sata ta robar da ta haɗa kafireta da injin. Duba tsaga, ka ƙara ɗaure notinta.

Yanzu ne za ka taɓa sukurori biyu na jikin kafireta, na iska da na silo, bayan injin ya yi zafi. Na iska: shigar da shi a hankali har ya tsaya, kada ka matse, sannan ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Daga nan ka riƙa juyawa kaɗan-kaɗan kana saurare, ka tsaya inda ƙarar ta fi daidaita. Sai na silo, ka sauke shi har injin ya riƙa bugawa a natse ba ya mutuwa. In duk da haka yana tari, ko kana jin kas-kas daga kan injin, kai wa bakanike ya saita bawul, domin wannan aikin sai da ma'auni.