Yadda nake tace fim ɗin namun daji kafin in haska wa yara

Ni malamin ilimin ƙasa ne a wata sakandare a cikin garin Sakkwato. Duk Asabar da hantsi, in an kawo wuta ko mun haɗa kuɗin man janareta, nakan tara yara in kafa majigi mu kalli fim ɗin dabbobi. Wanda suka fi so shi ne na ƙasashen ƙanƙara, can ƙuryar arewacin duniya. Ba abin mamaki ba ne. Yaron da ya tashi a garin da zafin Afrilu ke haura maki 40, in ya ga teku ta daskare har mutum na tafiya a kanta, ko ƙifta ido ba ya yi.

Abin da ya sa na fara tace finafinan nan kuwa kuskure ne da ni kaina na yi. Na daɗe ina gaya wa ɗalibai cewa akwai wani ɗan ɓeran daji a yankin ƙanƙara, ana kiransa lemin, wanda in ya yi yawa sai su taru su faɗa teku su hallaka kansu. Haka na ji, haka na koyar. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mi ya sa ba su ƙare ba har yanzu?" Ban ba ta amsa mai gamsarwa ba, kuma tambayar ta bi ni har gida. Da na tona sai na iske asalin maganar. A 1958 kamfanin Disney ya fitar da wani fim mai suna White Wilderness, har ya ci kyautar Oska. An nuna ɓerayen suna zubowa daga kan dutse cikin ruwa, aka ce tekun arewa ce. Ashe a lardin Albata na Kanada aka ɗauki hoton, lardin da ba ya iyaka da teku ko ta ina. Sayo dabbobin aka yi daga wani wuri, aka kai su bakin wani kogi aka ingiza su. Sai a 1982 gidan talabijin na Kanada ya fallasa abin. Gaskiyar ita ce duk bayan shekara uku ko huɗu sukan hayayyafa su yi yawa, su bazu neman abinci, wasu su nutse wajen ƙetare ruwa. Tun daga ranar ban sake haska wa yara fim ba sai na zauna na kalle shi ni kaɗai, da biro da littafi a hannu.

Abu na farko da nake yi shi ne in shimfiɗa taswira kusa da ni. Kowace dabba da mahaifarta. Farin beyar, wannan ƙaton mai farautar dabbobin teku a kan ƙanƙara, a arewa kaɗai yake: Kanada, Alaska, Girinlan, arewacin Rasha da tsibiran Nowe. Tsuntsun nan fengwin mai tafiya a tsaye kamar mutum kuwa na kudancin duniya ne. Ba su taɓa haɗuwa a daji ba. Duk bidiyon da ya haɗa su wuri guda, ka rufe shi, ba sai ka ƙarasa ba.

Wannan gwajin ya fi amfani ma in aka zo kan tamu Arewar. Sau da yawa za a turo maka bidiyo a WhatsApp an rubuta "dajin Yankari", ka buɗe ka ga jakunan dawa da karkanda da garken dabbobin nan masu gemu suna tsallake kogi dubu-dubu. Wannan Seringeti ce ta Tanzaniya ko Masai Mara ta Kenya. Jakin dawa ba ɗan asalin Afirka ta Yamma ba ne. Baƙin karkanda irin na yankinmu, wanda ragowarsa ta ƙarshe ke arewacin Kamaru, an tabbatar da ƙarewarsa a 2011. Abin da za ka sa ran gani a Yankari, can ƙaramar hukumar Alkaleri ta Bauchi, shi ne giwa da ɓauna da gwanki da dorina da mugun dawa da gwaggon biri, da ruwan ɗumi na Wikki. Giwar ma ka duba kunnenta: ta Afirka faffaɗan kunne gare ta kamar faifai, ta Indiya nata ƙarami ne. Haka damisa. Tamu mai ɗigo-ɗigo ce. Waccan babbar mai zane-zane ta Asiya ce, babu ta a dajin Afirka gaba ɗaya.

Sai gwajin da na fi dogara da shi, wanda kuma ba a makaranta na koya ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon maharbi ne a wajen Gwadabawa. Ya zo ganin likita ya sauka a gidana, sai na kunna masa wani fim da aka ce an ɗauka a Sahel, ana bin wata barewa wai daga safe zuwa yamma. Bai daɗe yana kallo ba ya nuna allon da sandarsa ya ce, "Ɗana, tsai da shi nan. Wanga ba yini guda ba ne." Na ce, "Kawu, ta yaya ka gane?" Ya ce in duba gawon da ke bayan barewar. Da safe gawon kore shar, da yamma kuma ya zama ƙirare babu ganye, ga ciyawa ta tashi har gwiwa. Kowa a ƙasar nan ya san halin gawo: da rani yake ganye, da damina ya kakkaɓe. Kuka kuwa akasin haka take. To an ɗauki rani an liƙa shi da damina, aka ce mana yini ɗaya ne, kuma mai yiwuwa barewar ma ba guda ba ce.

Tun daga nan bayan dabba nake kallo kafin dabbar. Itatuwa, tsawon ciyawa, launin sama, ko akwai hazon hunturu, ko rafi na da ruwa. Tsuntsaye ma agogo ne. Shamuwa gab da faɗuwar damina take zuwa ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Wanda ya nuna maka shamuwa kan ƙwai cikin ƙurar Janairu a Sakkwato, haɗi ya yi.

Abin da ya burge ni shi ne wannan ilimi na Kawu yana aiki har a ƙasar ƙanƙara, in ka san kalandarsu. Yanyawar can fara ce fat da sanyi, da bazararsu kuma gashinta ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka. In ka ga ta fita farauta fara ta dawo ramin 'ya'yanta ruwan ƙasa, watanni ne tsakani. Rana ma haka. Mu a nan, da muke wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, tsawon yininmu bai wuce tsakanin awa 11 da 13 ba duk shekara. Amma da zarar ka haura digiri 66 da rabi, akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa, akwai lokacin da ba ta fitowa. A garin Turomso na Nowe kusan wata biyu ake yi rana na sama dare da rana, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli, sannan kusan wata biyu ba a ganinta, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. (Nan ne kullum yara ke tsayar da ni da tambayar yadda Musulmin can ke azumi da salla, ni kuwa in tura su wajen malamin addini, don fagensa ne.) Akwai kuma wani haske kore da ke rawa a samaniyar ƙasashen can, wanda ba a ganinsa sai da duhu. Fim ɗin da ya nuna shi a tsakiyar Yuni a can ƙuryar arewa, lokacin da rana ba ta faɗuwa, ya ɗauko shi daga wani watan. Kuma ka sani na'urar ɗaukar hoto tana tara haske fiye da idon mutum, sau da yawa ana kuma ƙara wa hoton sauri, don haka abin da ke allo ya fi abin da mai tsaye a wurin ke gani kauri da gudu.

Bayan ido sai kunne. Ka rage hoton a ranka ka saurara. Mai ɗaukar hoton beyar yana can nesa da dogon madubi, iska na kaɗawa, wani lokaci ma daga jirgin sama yake. To ta ina ya jiyo takun sawunsa a kan ƙanƙara, ƙaras-ƙaras, kamar a kunnenka? A ɗakin haɗa sauti aka ƙara shi daga baya. Ni ban ɗauki wannan a matsayin babban laifi ba, sana'ar ce ta gaji haka. Abin da nake tsoro shi ne kiɗa. Kiɗa ne ke gaya wa yaro wa zai so, wa zai ƙi. Da kura ta fito sai a sa mai ban tsoro, da zaki ya fito sai a sa na sarauta, alhali kura mai ɗigo-ɗigo mafi yawan abincinta ita ke farautarsa da kanta, kuma zaki ma yakan ƙwace mata. Mu da tatsuniya ta riga ta ɓata wa kura suna tun muna goye, ba ma buƙatar ƙari. Nakan kashe sautin gaba ɗaya na minti biyu in ce yara su faɗa mini abin da suka gani da idonsu kawai. Amsoshin sukan bambanta ƙwarai da abin da mai sharhi ya faɗa.

Akwai tambayar da nake so kowane mai kallo ya riƙa yi: ina mai ɗaukar hoton yake tsaye? A 2011 BBC ta nuna shirin Frozen Planet, a ciki har da uwar beyar cikin raminta da jariranta sababbin haihuwa, kowanne bai kai kilo guda ba. Daga baya jama'a suka gane cewa wannan ɓangaren a wani gidan ajiye dabbobi na ƙasar Holan aka ɗauke shi. Masu shirin sun ce sun bayyana haka a shafinsu na intanet, kuma shiga ramin uwa a daji zai iya jawo mutuwar 'ya'yan ko ta mai hoton. Hujjarsu ta karɓu a wurina, kuma ban haɗa su da masu ingiza ɓeraye ba, domin abin da suka nuna haka yake faruwa a daji. Amma da sun faɗa a cikin shirin da ya fi. Shi ya sa ba na kashe fim da zarar labari ya ƙare. Ina karanta rubutun ƙarshe har ƙasa: wuraren da aka yi aiki, masanan da aka tuntuɓa, gidajen dabbobin da aka gode wa. Shirin da ya ware mintoci a ƙarshe ya nuna yadda aka ɗauke shi, da makonnin da aka yi ana jira ba a samu komai ba, ya fi samun amincewata. Daga nan ne yaro ke gane cewa mafi yawan farauta ba ta nasara, kuma zaki yakan kwashe mafi yawan yininsa a kwance.

Gajerun bidiyoyin TikTok da Facebook kuwa, yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wato manhajar da ke iya ƙera bidiyon abin da bai faru ba, ba na ɓata musu lokaci mai yawa. Ka ƙirga ƙafafu da yatsu, ka duba ko inuwa na bin jiki, ka duba ko sawu na zama a ƙasa. In babu sunan wuri, babu sunan wanda ya ɗauka, kada ka tura wa kowa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake cirewa, wato mutane. Za ka kalli awa guda kan arewacin Nowe ko Sibiriya ka ɗauka ba kowa a wurin, alhali 'yan ƙabilar Sami da Nenet suna can suna kiwon barewar ƙanƙara, suna tashi da garkensu daga makiyayar sanyi zuwa ta bazara kamar yadda Fulaninmu ke tafiya mashekari. Nan kusa da mu ma haka ne. Raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal, yanzu sun haura 600. Ba cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen gawo, suna kuma taɓa waken manoma. Wanda ya nuna maka raƙumin ya kauce wa manomin, rabin labari ya ba ka. Nakan tambayi yara: wa ke noma a bayan wannan dutsen? Wa ke shayar da shanu a wannan tafkin?

In mun gama kallo, ba a aji muke rufe darasin ba. Cikin Disamba, lokacin da sanyi ya kankama, nakan nemi izinin iyaye mu ɗauki mota mu sauka fadamar Rima wajen Kwalkwalawa da sassafe, da madubin hangen nesa guda ɗaya da muke karɓa-karɓa. Cikin belbelu da zalɓe akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin ruwa da gonakin shinkafa. Waɗansunsu a arewacin Turai da Sibiriya suke ƙyanƙyasa, su ƙetaro Sahara su yi hunturu a dausayoyin Sahel, tun daga nan har Hadeja da Nguru. Bara na nuna wa wani yaro ɗaya daga cikinsu na ce daga ƙasar da muka kalla ranar Asabar ya zo. Ya daɗe riƙe da madubin, sauran na jiran layi, sannan ya sauke ya ce, "Malam, a fim ɗin ya fi wanga girma." Na ce ya rubuta haka a littafinsa, da kwanan wata da sunan wurin.