Kurakuran da ake yi wajen karanta rahoton bincike kan sarrafa netwok ta atomatik

Duk shekara sai rahotanni sun fito kan yadda kamfanoni ke tafiyar da netwok ɗinsu, wato haɗin kwamfutocinsu: kashi nawa ke amfani da Ansible (manhajar saita na'urori ta atomatik), kashi nawa ke rubuta Python (yaren rubuta manhaja), kashi nawa har yanzu ke shiga rauta (na'urar da ke nuna wa bayanai hanya) ɗaya bayan ɗaya suna buga umarni da hannu. Kamfanonin bincike irin Gartner da EMA na fitarwa, masu sayar da kayan netwok na fitar da nasu, su ma injiniyoyi sun haɗa nasu da kansu, irin binciken NetDevOps. Rahotannin suna da amfani. Matsalar tana wajen mai karatu, wanda yakan ciro lamba ɗaya ya liƙa a takardar neman kasafi bai tambayi daga ina ta fito ba.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne rashin duba abin da aka ƙirga. A ce an tambaya: kuna sarrafa netwok ɗinku ta atomatik? Injiniya na farko yana da ɗan sikirif, wato ƙaramar manhaja, da ke bin suwic-suwic (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci) cikin dare, ya kwafo saitinsu ya ajiye. Ya ce e. Na biyu kuwa, duk canjin da zai yi sai ya bi ta Git (manhajar da ke ajiye tarihin canje-canje), abokin aiki ya duba, a gwada shi a netwok na gwaji, sannan tsarin ya tura shi ga na'urori da kansa, in ya kawo matsala ya mayar da tsohon saiti. Shi ma ya ce e. A jadawali an haɗa su a layi ɗaya, alhali tsakaninsu akwai aikin shekaru. Gyaran shi ne a nemo tambayar yadda aka yi ta, galibi tana can ƙarshen rahoto inda ba a cika kaiwa ba. A raba aikin da ke karanta bayani kawai da aikin da ke canza saiti, domin na biyun ne ake tsoro, shi ne kuma ainihin ma'auni. Sannan a lura ko lambar tana maganar kashin kamfanonin da suka fara ne, ko kashin ayyukan da aka sauke daga hannun mutum. Kusan kowa na iya cewa ya fara, amma yawancin canje-canje suna nan da hannu, kuma maganganun biyu duk gaskiya ne.

Sai batun waɗanda suka amsa. Yawancin irin wannan bincike ba zaɓo mutane ake yi da ƙuri'a ba, tambayoyin ake bazawa, wanda ya ga dama ya cika. Wa zai ga dama? Wanda abin ke burge shi. Mai gadin tsofaffin suwic talatin, wanda bai taɓa buɗe Python ba, sau da yawa bai ma san ana yi ba. Matsayin mai amsa shi ma yana canza labari: shugaban sashe zai ce muna da manhajar, tunda shi ya sa hannu aka saya, injiniyan da ke kwana da na'urorin ya san rabon da wani ya buɗe ta an kwana biyu.

Yawan masu amsa kuma yana da lissafinsa. Ko da ƙuri'a aka zaɓo su, mutum 400 na ba da sakamakon da zai iya kaucewa da kusan maki 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. In aka yanka su rukuni-rukuni har ya rage mutum 100, kaucewar ta kai kusan maki 10. Saboda haka rahoton da ke murna cewa wani abu ya ƙaru da maki 3 daga bara bai faɗi komai ba, balle in an sauya tambayar ko an sauya mutanen.

Wanda ya biya kuɗin binciken, a duba shi. Ba wai ƙarya zai yi ba, amma shi ke zaɓen abin da za a tambaya da abin da za a sa a shafin farko.

Akwai kuma ɗaukar niyya a matsayin aiki. "Za mu yi nan da shekara biyu" amsa ce mai arha. A ɗauko rahoton shekara biyu baya, a ga abin da aka ce za a yi, a kwatanta da na bana.

Wani tarkon da ko ƙwararru ke faɗawa: rahoto ya nuna masu aiki ta atomatik sun fi ƙarancin katsewar netwok, sai a ce atomatik ɗin ne ya jawo. Wataƙila. Amma kafin kamfani ya iya wannan sai ya daidaita saitin na'urorinsa, ya san abin da yake da shi, ya tara sahihin bayani a wuri ɗaya irin manhajar NetBox. Wannan tsaftar kaɗai tana rage matsala. In aka ɗora manhaja kan hargitsi, kuskuren da a da zai tsaya a rauta ɗaya zai game ko'ina cikin daƙiƙoƙi. Ranar 4 ga Oktoba 2021 umarni ɗaya da aka bayar lokacin aikin gyara ya yanke babban layin da ke haɗa cibiyoyin bayanan Facebook, manhajar da aikinta shi ne tare irin wannan umarni kuma tana da lahani, ba ta tare ba. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida.

Wasu kuma da sun gano waɗannan raunin sai su ce duk bincike talla ne, su watsar. Ba na tare da su. Tambayar masu aikin da kansu ta taɓa sauya fannin nan gaba ɗaya. A 2002 hukumar IAB, mai kula da tsarin intanet, ta zaunar da masu tafiyar da netwok da masu tsara ƙa'idoji, masu aikin suka faɗi a fili cewa SNMP, ƙa'idar kula da na'urorin netwok, na yi musu amfani wajen sa ido, amma ba da ita suke saita na'urori ba. Daga wannan koke aka samu sababbin ƙa'idojin saita na'urori, NETCONF a 2006 da YANG a 2010.

Sashen da ya fi daraja a rahoto shi ne na cikas, inda mutane ke faɗin abin da ya tsayar da su: ƙarancin masu iya rubuta manhaja, bayanan na'urori da ba su dace da abin da ke ƙasa ba, tsofaffin kaya marasa API, wato ƙofar da manhaja ke magana da na'ura ta cikinta. A ɗauki wannan jerin a gwada shi da gida. A buɗe takardun neman canji na 'yan watannin baya, a ga wane aiki ne ke maimaituwa, minti nawa yake ci, sau nawa ake komawa gyara shi. In buɗe VLAN (keɓaɓɓen sashe na netwok) a fot (ramin da ake jona waya a suwic) ne ya fi yawa, daga nan za a fara, ko da rahoton bana yana ta maganar wani abu daban.