Yadda Ake Lissafin Rukuni da Zagayen Sili Ɗaya Ƙwale a Gasar Kofin Afirka

Tun daga gasar da aka yi a Masar a 2019, ƙasashe 24 ne ke buga Kofin Nahiyar Afirka. Ana raba su rukuni shida, kowanne da ƙasashe huɗu, kuma kowace ƙasa ta kara da sauran ukun sau ɗaya. Nasara maki uku ce, kunnen doki maki ɗaya, wanda aka doke kuwa ya tashi hannu rabbana. Wasanni 36 ke nan a matakin rukuni, 52 a gasar baki ɗaya.

Ta ɗaya da ta biyu a kowane rukuni sun wuce kai tsaye zuwa zagayen 'yan 16, ƙasashe 12 ke nan. Gurabe huɗu da suka rage don cika 16 ana ba wa huɗu mafi ƙoƙari cikin shidan da suka zo na uku. A nan lissafi ke rikita masu kallo, domin ana auna ƙasashen da ba su taɓa haɗuwa ba. Jera su a takarda: fara da maki, sai rarar ƙwallaye (waɗanda ƙasa ta ci, a cire waɗanda aka zura mata), sannan yawan ƙwallayen da ta ci. Maki huɗu yawanci ya wadatar, uku kuwa sai an jira sakamakon wasu. Kwaddibuwa ta ɗanɗana wannan jira a gasar 2023 da ta karɓi baƙunci: Ikwatoriyal Gini ta lallasa ta 4-0, ta tsaya a maki uku, har aka sallami kocinta. Sai da Maroko ta doke Zambiya 1-0 sannan Kwaddibuwa ta tsallake. Ita ce kuma ta ci Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe.

Idan ƙasashe biyu a rukuni ɗaya suka yi daidai a maki, kada ka yi gaggawar duba rarar ƙwallaye. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, na fara duba wasan da suka buga tsakaninsu ne, wadda ta ci ita ce sama. Idan canjaras suka yi, sai a koma ga rarar ƙwallaye a dukkan wasanni, sannan yawan ci. In duk an ƙure, sai ƙuri'a: haka Gini ta wuce aka bar Mali a 2015. Kowace gasa da tata doka, don haka kada a cakuɗa. A Kofin Duniya na 2018, yawan katin gargaɗi ne ya fitar da Senegal, Japan ta wuce.

Wasannin ƙarshe biyu na kowane rukuni lokaci guda ake fara su, don kada wasu su san sakamakon da zai amfane su su haɗa baki. Darasin ya samo asali daga Kofin Duniya na 1982, inda Jamus ta Yamma ta ci Austriya 1-0, suka yi ta ja da wasa, Aljeriya ta koma gida.

Daga zagayen 'yan 16 babu batun maki, sili ɗaya ƙwale ne. Tun kafin gasa an tsara jadawalin wanda zai haɗu da wa, shi ya sa zama na ɗaya a rukuni ke da riba, domin huɗu daga cikin jagororin rukuni na haɗuwa da waɗanda suka zo na uku. Idan minti 90 ya cika ba wanda ya yi nasara, a ƙara minti 30, a raba shi 15-15. In har yanzu shiru, sai bugun fenariti, biyar-biyar, sannan ɗaya-ɗaya har sai wani ya ɓarar ɗayan ya ci. 'Yan wasan da ke cikin fili lokacin busa ta ƙarshe kaɗai ke da damar bugawa, shi ya sa za ka ga koci ya sako gwanin fenariti ana saura minti ɗaya a tashi.